Fatar da aka dasa da jijiyarta: yadda ake tsare jininta har ta kama

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin 'yan haɗari a Gusau ko Birnin Kebbi ya san irin raunin da nake nufi. Yaro na bayan babur, ƙafarsa ta faɗa cikin wayoyin tayar baya, diddige ya ɗaye har ana ganin agara. Manomi ya sa hannu a injin casa. Harsashi ya tafi da naman ƙwauri ya bar ƙashi tsirara. Ga kuma yaran da cutar noma ta cinye wa kunci ko leɓe, waɗanda akasari daga nan ake kai su asibitin noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Irin wannan rauni ɗinki ba ya haɗa shi. Siririyar fatar nan da ake ferowa daga cinya ma ba ta yi, domin sai a kan jan nama mai jini take kamawa, ba ta kama busasshen ƙashi ko agara. Dole a ɗago fata da kitsenta, wani lokaci har da tsoka, tana maƙale da jijiyar jininta, a juyo ta a rufe wurin. Ita muke kira filaf a ɗakin tiyata, kuma sunan da zan riƙa amfani da shi ke nan.

Idan ina yi wa iyayen yaro bayani, da gona nake misali. Fatar da aka fero kamar dashen shinkafa ce, an cire ta daga inda ta tsiro, rayuwarta na hannun sabuwar ƙasa. Filaf kuwa yaɗon dankali ce: reshen ya kwanta a sabon wuri amma yana sha daga uwa, har ranar da ya yi saiwar kansa. Wannan mahaɗin da ke tsakaninta da uwa shi muke kira wuya. A cikinsa akwai jijiyar da ke kawo jini da wadda ke kwashe shi. Mai noman rani a Bakolori ya san cewa fangalin da ruwa bai shiga ba zai bushe, wanda ruwa ya shiga bai sami hanyar fita ba kuma zai ruɓe. Filaf ta fi mutuwa ta hanya ta biyu, saboda jijiyar kwashewa bangonta laushi gare shi, ɗan matsi kaɗan ya isa ya rufe ta alhali ta kawowa na ci gaba da turo jini.

Mataki na farko: a gyara mai jikin

Gaggawa a nan ita ce asarar farko. In ba jini ke zuba ba, ko wata babbar jijiya ce a fili, akwai lokacin gyara maras lafiya.

A auna jininsa. Ni ba na son ɗaga filaf ga wanda ƙarfin jininsa bai kai giram 10 ba, wato kimanin kashi 30 a awon da ɗakunan gwajinmu suka fi yi. A duba zazzaɓin cizon sauro a yi maganinsa, a ba da maganin tsutsar ciki, a tanadi leda ɗaya ko biyu ta jini tun kafin ranar aiki, ba sai tsakar dare a tashi neman dangi ba. A gwada sikila. Mai sikila jininsa na lanƙwashewa ya toshe ƙananan jijiyoyi idan ya ji sanyi, ko ruwan jikinsa ya ragu, ko iskar numfashi ta yi masa ƙaranci, kuma duka ukun suna jiran sa a ɗakin tiyata. Mai ciwon suga a saukar da sugan ƙasa da 10 a ma'aunin milimol, a riƙe shi a nan.

Sai abinci. Yaron da noma ta ci, tamowa ce ta buɗe mata ƙofa tun farko, kuma sau da yawa muƙamuƙinsa ya ɗafe ba ya iya tauna. Ba a yi masa gyaran fuska sai ciwon ya mutu, tabon ya nuna, jikin ya murmure, abin da kan ɗauki watanni har shekara. Babba ma haka ne: ƙwai, wake, kifi, gyaɗa, nono da fura, gwargwadon abin da gida zai iya, na sati biyu ko uku. Fatar mai yunwa ba ta riƙe zare.

Taba kuwa ba a sasantawa da ita. Sinadarin nikotin na tsuke ƙananan jijiyoyi, hayaƙin kuma na rage iskar da jini ke ɗauka. Wani likitan Faransa, Poiseuille, ya nuna tun shekarun 1840 cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke bi ta cikinsa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin 16 yake komawa. Saboda haka kara ɗaya na sigari ba ƙaramin abu ba ne ga jijiyar da ba ta fi zare kauri ba. A daina sati 4 kafin aiki, a ci gaba da dainawa sati 4 bayansa. Tambayar “kana shan taba?” ba ta wadatarwa, musamman a gaban uba ko suruki. A keɓe mutum, a tambaye shi sigari, shisha, tabar gari ta shaƙa da ta leɓe, kowace da sunanta. Goro ban ɗauke shi a sahun taba ba, amma nakan ce a haƙura da shi makon farko.

Raunin kansa ma sai an gyara. A yanke duk mataccen nama, a cire guntun ƙashin da ba shi da rai, a wanke da ruwan gishiri mai yawa. Marko Godina ya nuna a 1986 cewa raunin ƙafar da aka rufe cikin awa 72 ya fi kamawa, ya kuma fi tsira daga ruɓa. Gaskiya ne, sai dai mutanenmu na Dansadau ko Zurmi ko ƙauyukan Zuru ba cikin awa 72 suke isowa ba, hanya da tsaro da masu ɗori sun cinye kwanakin. Wanda ya zo da mugunya, a shiga da shi wanki sau biyu ko uku, kwana biyu tsakani, har wurin ya yi ja. Filaf ba murfin rufe ƙazanta ba ce.

Mataki na biyu: a zana ta a kan jijiya

An daɗe ana koyar da cewa tsawon filaf kada ya wuce ninki kaza na faɗin gindinta, wai in ka faɗaɗa gindi za ka iya ƙara tsawo. Stuart Milton ya rushe wannan a 1970 da gwajin da ya yi a kan aladu: abin da ke raya ƙarshen filaf shi ne jijiyar da ke cikin gindin da ƙarfin da take turo jini, ba faɗin fatar ba. A 1987 kuma Taylor da Palmer a Ostareliya suka zana taswirar jiki, suka nuna kowace babbar jijiya da yankin da take shayarwa, da ƙananan mahaɗai tsakanin yanki da yanki. Abin da ya shafi mai wuƙa a nan shi ne: jijiya ɗaya za ta iya ɗaukar yankinta da na maƙwabcinta na kusa. Na uku kuwa, a nan fata ke fara yin baƙi tana mutuwa.

Don haka a zaɓi filaf mai jijiyar da aka san mazauninta. Ga hanci, fatar goshi, wadda jijiyarta ke tasowa daga bakin gira ta ciki, kimanin santimita 2 daga tsakiyar fuska, kuma wuyan da bai wuce santimita ɗaya da rabi ba ya ishe ta. Ga kunci da wuyan mutum, fatar ƙirji da Bakamjian ya bayyana a 1965, mai sha daga jijiyoyin da ke fitowa tsakanin haƙarƙari na biyu zuwa na huɗu a gefen ƙashin ƙirji. Ga hannu, fatar makwankwaso ta gefen mara, wadda jijiyarta ke tafiya kamar yatsa biyu ƙasa da agarar da ke miƙe daga ƙashin mara zuwa tsinin ƙugu. Ga ƙwauri, tsokar sha-raɓa ta sama na rufe kashi na sama, ta ƙarƙashinta na rufe tsakiya. Diddige da idon sawu su ne masu wuyar sha'ani, kuma abin da muka fi yi musu shi ne juyo fatar sha-raɓa ƙasa, yadda Masquelet ya bayyana a 1992. Wurin juyawarta kada ya sauka ƙasa da santimita 5 daga idon sawu na waje, wuyanta kuma a bar masa faɗin santimita 3 zuwa 4 da jijiyar kwashe jini a ciki. Wannan filaf ta yi suna wajen cushewar jini, zan dawo kanta.

In akwai na'urar dofila ta hannu, wato mai jiyo bugun jijiya, a saurari jijiyar a sa mata alama da alƙalami. Amma a lura, ta ɗakin awon ciki da ake jin bugun zuciyar jariri ba ita ba ce. Waccan an yi ta don zurfi, awon sautinta megahaz 2 zuwa 3. Ta jijiyar fata megahaz 8 ce ko sama.

Sannan a yi awo daga baya zuwa gaba. A yanki ƙyalle ko takardar safar hannu daidai girman raunin, a bar mata jela, a danne ƙarshen jelar a inda filaf za ta juya, a kai ta a dawo da ita. Abin da ƙyallen bai kai ba, fata ma ba za ta kai ba. A ƙara kashi ɗaya ko biyu cikin goma a kan girman raunin, domin fata na tsukewa da zarar an yanke ta, kumburi kuma na tafe. In wurin gaɓa ne, a auna a yanayin da gaɓar ta fi jan fata.

Idan ana shakkar ƙarshen filaf zai rayu, akwai tsohuwar dabarar jinkirtawa, wadda Tagliacozzi na Italiya ya riga ya rubuta a 1597 lokacin da yake gyara hanci da fatar damtse. A yanka gefunan filaf, a ɗan ɗaga ta, a mayar da ita mazauninta a ɗinke, a jira kwana 10 zuwa 14. Ƙananan mahaɗan nan na tsakanin yankuna sai su buɗe su yi kauri, jini ya koyi bin hanya ɗaya tak, ta wuya. Ina ba da shawararta ga mai taba, mai suga, tsoho, da fatar ƙirjin da za a ja har kan kafaɗa. Dangi kan yi ƙorafin kuɗin shiga tiyata sau biyu, kuma suna da gaskiya. Nakan ce musu wanda filaf ɗinsa ta mutu sau uku yake shiga, kuma ya rasa fatar da ta fi dacewa.

Mataki na uku: a ɗakin tiyata

Ɗakin ya kasance da ɗumi, ko da ma'aikata za su yi gumi. Zafin jikin maras lafiya kada ya sauka ƙasa da digiri 36, a lulluɓe inda ba a aiki, a ɗumama ruwan da ake ƙara masa da wanda ake wanki da shi. Mai ba da maganin barci ya riƙe bugun jini daidai, ya kuma sa ido a kan fitsari: rabin mililita zuwa ɗaya ga kowane kilo na nauyi a awa guda. Ruwa ya yi kaɗan, jijiyoyi su tsuke. Ya yi yawa, filaf ta kumbura.

Ba a damƙar bakin filaf da hantsaki mai haƙori, a riƙe ta da ƙugiya ko zaren riƙo. A ƙafa, a ɗago fata tare da farar tantanin da ke kan tsoka, kamar yadda Pontén ya nuna a 1981, domin jijiyoyin a kanta suke shimfiɗe, a kuma ɗan ɗinke su tare tun farko kada su zame wa juna. Kusa da wuya a ajiye na'urar ƙona jijiya, a ɗaure da zare. In an ɗaure gaɓa don tsayar da jini, kada ya wuce awa 2, kuma a kwance kafin a ɗinke filaf, ba bayan an naɗe bandeji ba. A rufe ta da auduga mai ruwan gishiri mai ɗumi, a ba ta minti 10 zuwa 15, sannan a duba can ƙarshenta. Jan jini na tsattsafowa? Madalla. Babu? A datse har inda jini yake, ko a mayar da ita gida a jinkirta.

Jinin da ya taru a ƙarƙashin filaf na kashe ta ta fuska biyu, yana danne jijiya, kuma shi kansa guba ne ga nama. A tsayar da kowane tsattsafi, a sa robar zuƙe jini, amma a kauce wa wuya da ita.

Wajen ɗinki nake ganin mafi yawan kuskuren matasan likitoci, kuma ni ma na yi. Mutum ya gaji, yana son aiki ya yi kyau a ido, sai ya ja fata ya haɗa ko'ina tsaf. Duk zaren da fata ta yi fari ko ta ɗaure a kewayensa, a cire shi nan take. Gara a bar ɗan gibi a rufe da ferarriyar fata. Haka batun cusa wuya ta ƙarƙashin fata kamar rami: in yatsa biyu ba su shiga a sake ba, a tsaga fatar a shimfiɗa wuyan a fili. Kyau abu ne na wata shida masu zuwa. A ƙarshe a duba kada wuya ya murɗe ko ya karye kamar tiyo, a motsa gaɓar ko kan a ga yanayin da ya fi sakewa, a kafe shi a nan da filasta. Bandeji ya zama sako-sako, da taga a tsakiya inda za a riƙa ganin filaf ba tare da an kwance komai ba.

Mataki na huɗu: darare uku na farko

A nan ake cin riba ko a yi asara. Yawancin toshewar jijiya cikin awa 48 zuwa 72 na farko take faruwa, kuma tsoka ba ta jure yankewar jini fiye da kimanin awa 6, fata ta fi ta haƙuri kaɗan. Filaf ɗin da ta cushe da ƙarfe ɗayan dare, aka gano ta a zagayen safe, an riga an yi sallama da ita.

Littattafan da muka karanta sun ce a duba launi: ja-ja lafiya, fari jini bai zuwa, shuɗi jini bai fita. An rubuta su ne a kan farar fata. A fatar Bazamfare ko Bakabe, ƙarƙashin hasken tocilar waya, kafin ido ya ga canji an makara. Saboda haka mu da hannu da allura muke duba.

Da farko taɓawa. A sa bayan yatsa a kan filaf, sannan a kan fatar da ke gefenta. In akwai ma'aunin zafi na goshi irin wanda aka rarraba lokacin korona, ya fi, a auna wuraren biyu a rubuta. Bambancin da ya wuce digiri 2 zuwa 3 abin tashin hankali ne. Sai dannawa: lafiyayyar filaf laushi gare ta kamar kuncin yaro. Wadda jini bai fita daga cikinta takan yi tauri, ta kumbura, ta yi sheƙi, zaruruwa su nutse, baƙin jini na tsattsafowa daga bakin ɗinki. Wadda jini bai shigo mata takan yi sanyi, ta saki, ta yamutse kamar ba komai a ciki.

Sai allura, wadda ita ce alƙali. A ɗauki sabuwar ƙaramar allura, a soka a wurin da likita ya yi wa alama, nesa da wuya, zurfin da ya ratsa fata kawai. Yawanci ba zafi, filaf ba ta ji. Jan jini ya fito bayan daƙiƙa biyu ko uku, lafiya lau. Baƙin jini ya yi tsalle nan take, hanyar fita ta toshe. Ba abin da ya fito, ko ɗan ruwa-ruwa kawai, hanyar shigowa ce. In da dofila, a saurari wurin da aka yi wa alama, amma kada ta ruɗi kowa: jijiyar kawowa na iya ci gaba da bugawa awanni bayan ta kwashewa ta rufe.

Ana wannan duba kowace awa a ranar farko, kowace awa 2 a rana ta biyu da ta uku, sannan kowace awa 4 har kwana 5. A rubuta a takarda a rataye a gadon. Wanda zai miƙa aiki da wanda zai karɓa su tsaya kan filaf tare, su taɓa ta tare. Hoton waya da aka ɗauka da izinin maras lafiya a lokacin fitowa daga tiyata ma yana taimako.

Na san abin da nas za ta ce: ita kaɗai ce ko su biyu a ɗaki cike, ina za ta ga awa-awa? Amsar tana zaune a kan tabarma a gindin gado. A wani asibiti da na yi aiki, na yi wa wani yaro irin filaf ɗin diddigen nan, cikin hunturu. Na naɗe ƙafar, na bar taga ƙarama, na tafi ba tare da na nuna wa kowa inda wuyan yake ba. Cikin dare ƙafar ta zamo daga kan matashi, bayan idon sawu ya kwanta a kan ƙarfen gado. Uwar ce ta tashi nas. “Sista, taho ki gani, hwatag ga ta yi tauri, ba haka take ɗazu ba.” Da na iso allura ta fito da jini baƙi ƙirin. Muka ɗaga ƙafar, na cire zare huɗu, cikin rabin awa jinin ya fara ja. Bakin filaf ɗin kamar faɗin yatsa ya mutu, saura ya rayu. Na ce mata, “Inna, ke kika yi aikin nan.” Tun ranar ba na barin ɗaki sai na kama hannun mai jinya na ɗora a kan filaf, na ce ta ji ɗuminta da laushinta, in ya canza ta ta da kowa, ko ni ne.

Abin da za a gaya wa mai jinya ba shi da yawa, amma a faɗe shi dalla-dalla. Kada komai ya danne wuya: matashi, ƙarfen gado, igiyar robar numfashi, hula, rawani, ɗankwali ko hijabin da aka ɗaure tam. Ƙafa ko hannu a ɗage sama da ƙirji kaɗan, diddige na lilo a iska. Mai filaf a fuska ya kwanta da kai a ɗage, kada ya juya kansa ɓangaren da aka hana. Kada fanka ta bugi wurin. A lulluɓe da bargo, amma ba kaskon garwashi, ba gashi da ruwan zafi, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Ba a shafa komai, ko man shanu ko zuma ko garin magani, rubutu kuwa a sha, kada a shafa a wurin. A sha ruwa sosai, balle a zafin Maris zuwa Mayu da Birnin Kebbi kan haura digiri 40. In azumi ne, addini ya yi wa maras lafiya rangwame, ya rama daga baya. Salla a yi ta a zaune ko a kwance da nuni, mai filaf a goshi kada ya kai shi ƙasa. A ba da maganin ciwo a kan lokaci, kada a jira sai ya yi kuka, saboda zafin ciwo da tsoro su ma suna tsuke jijiya.

Mataki na biyar: in ta fara ɓaci

Nas ba ta jiran likita kafin ta fara. Ta kira shi, tana kira tana kwance bandeji gaba ɗaya, ta mayar da gaɓar yanayin da aka kafe ta, ta duba ko robar zuƙe jini ta toshe, ta auna bugun jini da zafin jiki da fitsari. Ya kamata likita ya ba da izini a rubuce tun da rana cewa in filaf ta yi tauri a cire zaren da ya nuna. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. In akwai tarin jini a ƙasa, a buɗe a matse shi a gadon. In rabin awa zuwa awa ɗaya ta wuce ba canji, a koma tiyata a daren, a duba wuya, a warware murɗiya, a faɗaɗa rami. Filaf ɗin da ke maƙale da wuyanta tana da wata mafita: a mayar da ita inda aka ɗauko ta, ta huta kwana 10, a sake juyo ta. Wadda aka yanke jijiyarta aka haɗa da wata a ƙarƙashin madubin ƙara girma kuwa, ba ta da magani sai a buɗe mahaɗin a cire gudan jinin.

In hanyar fita ce ta gaza kuma ba abin da za a gyara da wuƙa, sai a rage mata jini har ta yi sababbin jijiyoyi, abin da kan ɗauki kwana 5 zuwa 7. A fere ɗan wuri kamar farce a kan filaf, a ɗora auduga mai ruwan hefarin, maganin hana jini daskarewa, a riƙa gogewa kowace awa don ya ci gaba da tsattsafowa. Jinin da ke fita ta nan ba kaɗan ba ne, a auna jini kullum, leda na kusa. A Turai da Amurka matsattsaku suke sawa, hukumar magunguna ta Amurka ma ta amince da shi a 2004, amma nasu kiwonsa ake a ɗakin gwaji, kuma duk da haka sai an haɗa da maganin kashe ƙwayar cutar da ke zaune a cikinsa. Kada wani ya ji wannan ya nufi fadamar Argungu da gwangwani.

Magunguna fa? Ra'ayina shi ne an fi ba su girman da ba su kai ba. Ƙaramin asfirin da allurar hefarin ta rigakafi suna da wurinsu, musamman ga wanda zai daɗe a kwance, amma suna ƙara haɗarin taruwar jini. Ruwan destiran na tsinka jini da aka yi yayi a da, yawancin cibiyoyi sun bar shi saboda illarsa ga huhu da ƙoda. Man naitirogilisarin da ake shafawa don buɗe jijiyoyi ya nuna amfani a wani gwaji da aka yi a Kanada a 2015, inda ya rage mutuwar fatar ƙirji da fiye da rabi ga matan da aka cire wa nono, sai dai yana saukar da bugun jini yana sa ciwon kai. Ba ɗayansu da zai buɗe wuyan da ya murɗe.

In bakin filaf ya riga ya yi baƙi ya bushe, kada a yi saurin yanka. A bar shi sati ɗaya ko fiye, iyakar mai rai da matacce ta fito sarai, sau da yawa naman ƙasa na da rai, ferarriyar fata kawai zai buƙata. In ya jiƙe, yana wari, ga zazzaɓi, wannan ba jira.

Mataki na shida: saukar da ƙafa da raba wuya

Mai filaf a ƙafa ba ya tashi rana ɗaya ya nufi bayi. Daga kwana na 5 zuwa na 7 ake fara sauke ƙafar a bakin gado, minti 5 sau biyu a rana, da bandeji mai ɗan riƙo in likita ya yarda, ana ƙara minti biyar-biyar har ta jure rabin awa ba ta yi tauri ba. Tsugunno a masai sai bayan an sallame shi da izini, kafin nan fo ko kujera.

Filaf ɗin goshi, ta ƙirji, ta gefen mara da wadda aka ɗauko daga ɗaya ƙafar, duk ana raba su da uwa bayan kimanin sati 3. Kafin a yanke, a matse wuyan da lallausar roba na 'yan mintuna, a soka allura a can ƙarshe. Jan jini ya fito, ta yi saiwa, a raba. Bai fito ba, a ƙara mako guda, ana matsewa kullum ana ƙara mintuna.

Ranar sallama a gaya masa filaf za ta zauna a kumbure wata 3 zuwa 6, ba a rage mata kitse kafin nan. In ɗinki ya warke sarai ya riƙa shafa man kaɗanya don kada ta tsage da hunturu. Mai sabon diddige kuma ya sani ba zai ji ƙaya ba, ba zai ji zafin rairayi ba: takalmi mai taushi ko a tsakar gida, kuma kowane dare shi ko mahaifiyarsa su juya ƙafar su duba ta da tocila kafin a kwanta.